Gajiyar da Ke Cin 'Yan Ɗaga Ƙarfe

 Shirinmu na musamman yau Sabon Gari ya nufa, a ƙaramar hukumar Fagge, wajen samarin nan masu ɗaga ƙarfe.

Unguwar da ke da filin wasa na Kano Pillars da gidan dambe na Ado Bayero Square ba sai an koya mata darajar ƙarfi ba. Duk mai bin lungunanta da sassafe, ko da la'asar sakaliya, ya san wannan ƙarar: ƙarfe na dukan ƙasa, wani na nishi, wani na tsaye a kansa yana cewa, "Ƙara ɗaya! Saura biyu!" Wasu a gidan motsa jiki na kuɗi suke, mai madubi da fanka. Wasu a kango ko bayan shago, da simintin da aka zuba a gwangwanin fenti aka soka masa bututu, ko tsofaffin ƙarafan mota da mai walda ya haɗa. Bahaushe da Ibo da Bayarabe, benci ɗaya suke jira. Ni dai abin yana burge ni, domin saurayin da ƙarfe ke tayarwa da asuba ya tsira daga majalisu da yawa na banza.

Sai dai akwai kukan da ake yawan ji a bakinsu. Saurayi zai ce maka wata uku ke nan kullum yana zuwa, ko Juma'a ba ya fashi, amma nauyin da a da yake ɗagawa sau goma, yanzu da ƙyar yake kai shida. Ƙwanji ya tsaya cak. Kafaɗa na ciwo. Dare ya yi ga gajiya, barci kuma ya ƙi zuwa. Abinci ya fita ransa, abu kaɗan ya harzuƙa shi, mura ba ta rabuwa da shi. In ya faɗa wa abokai, sai su ce ragwanci ne, ya ƙara ƙaimi. Ya kuwa ƙara, abin ya daɗa lalacewa.

Ɗan uwa, tsoka ba a kan benci take girma ba. A kan benci wahala take sha, ta ɗan yayyage ta yadda ido ba ya gani, abin da ta tara na kuzari ya ƙare. Gyaran sai an ajiye ƙarfen yake farawa, kuma yakan ɗauki kwana ɗaya zuwa biyu, wani lokacin fiye, jiki yana ɗinke wurin yana ƙara masa kauri. Shi ya sa tsamin jiki ya fi tsanani a kwana na biyu. Tambayi kowane magini: in ya zuba kankare, ba ya ɗora masa bulo washegari, sai ya sha ruwa ya kama. Wanda ke buga ƙirji yau, gobe ƙirji, jibi ƙirji, a kan ɗanyen kankare yake gini.

To, a nan ne lamarin Sabon Gari ya sha bamban, kuma a nan nake so mu ɗan daɗe. Yawancin samarin nan ba 'yan hutu ba ne. Wani tun safe yana sauke buhunan shinkafa da sukari a Kasuwar Singa. Wani dilolin atamfa yake hawa bene da su a Kantin Kwari. Wani yana tura kura a Kasuwar Sabon Gari, wani ya wuni tsaye yana ɗaga ƙarafan mota a France Road. Jiki ba ya ware buhu daban, ƙarfen atisaye daban. Duk a littafi ɗaya yake rubuta su, bashi ne kuma da sai an biya. Ƙara masa zafin Kano na watan Afrilu, mai haura digiri 40, ƙara masa daren da babu wuta, ga sauro, ga ƙarar janareta, mutum ya yi barcin awa huɗu. Sannan ya buɗe waya ya kwaikwayi jadawalin wani murɗaɗɗe a Amurka, wanda ba shi da aiki sai ya ci, ya ɗaga, ya kwanta.

Murɗaɗɗun ma ba su sha lafiya ba. Ronnie Coleman ya ci gasar Mr. Olympia sau 8 a jere, daga 1998 zuwa 2005, hotunansa na manne a bangon gidajen ƙarfe a faɗin duniya. Bayan ya daina gasa, an yi masa tiyata fiye da goma a baya da ƙugu, har tafiya ta koma sai da sanduna.

Likitocin wasanni sun raba gajiyar nan hawa-hawa. Akwai wadda hutun kwana biyu ko uku ke wankewa, akwai mai neman makonni, akwai kuma mai tsanani da ke kwantar da mutum watanni, ita ba ta cika faruwa ba. Mafi yawan abin da ke damun samarinmu ƙarancin barci ne da ƙarancin abinci a kan aiki mai yawa, kuma wannan yana da magani. Amma fa in ka huta sati biyu gajiya ba ta sake ka ba, je asibiti a auna jininka, domin zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin jini su ma haka suke kama mutum.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ƙwaya. Jiki magayi ne, ciwo kuma shi ne bakinsa. Wanda ya sha taramol ko diclofenac don ya iya ɗagawa, toshe wannan bakin ya yi, ɓarnar kuwa tana nan tana ci. Akwai wata larura da tsoka ke narkewa saboda aikin da ya wuce kima, abin da ya narke ya bi jini ya toshe ƙoda. Zafi da ƙishirwa suna ƙara haɗarinta, magungunan kashe ciwo irin su diclofenac kuma suna ƙara wa ƙodar nauyi. Alamarta a bayyane take: tsoka ta kumbura da azabar ciwo, fitsari ya koma kalar shayi ba madara. Wanda ya ga haka kada ya jira gari ya waye, ya nufi Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano.

Ita kuwa sha-ka-fashe, wadda galibi dexamethasone ke ciki, kumburi take sawa, tsokar ma zaizaye ta take yi, ta raunana ƙashi, ta tayar da sukari da hawan jini. Wanda ya daɗe yana sha kada ya yanke rana ɗaya, sai da likita. Allurar gina tsoka kuma tana taɓa hanta da zuciya, tana iya hana namiji haihuwa. Ko a fagen gasa ƙwaya ba ta da riba. A gasar Olamfik ta Beijing a 2008, 'yar Najeriya Mariam Usman ta biyar ta zo a ajinta na ɗaga ƙarfe. Bayan shekaru aka sake gwajin ƙwaya, aka kama biyu daga waɗanda ke gabanta, lambar tagulla ta dawo hannunta.

Gyaran ba shi da tsada. Kwana uku ko huɗu a sati sun isa, kuma gaɓar da ta sha wuya yau a bar ta kwana biyu. Ranar da aka sauke tirela a kasuwa, ranar an riga an yi atisaye. Duk bayan sati biyar ko shida a yi sati guda ana ɗaga rabin abin da aka saba. Barci awa 7 zuwa 9 ake nema, in dare bai ba da ba, a ciko da ƙailula.

Sai abinci, domin da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mai kilo 70 da ke son tsoka yana bukatar wajen giram 110 na furotin a rana, ƙwai ɗaya kuwa giram 6 ne. Ba sai gwangwanin garin kanti ba: wake, awara, kindirmo, ƙuli-ƙuli, kifi, a rarraba su safe da rana da dare, a sha ruwa har fitsari ya yi haske. Da azumi a rage nauyi, a mayar da atisayen bayan buɗa-baki.

Ku kuma masu horarwa da manyan gidan ƙarfe, yaran nan maganarku suke ji fiye da ta likita. In yaro ya shigo ido ya faɗa, hannu na rawa a kan nauyin da ya saba, ku tambaye shi awa nawa ya yi barci, me ya ci, buhu nawa ya sauke yau. In amsar ba ta gamsar ba, ku karɓe ƙarfen ku ce ya tafi gida, ya dawo jibi.