Ciki ɗaya, kama dabam-dabam: lissafin gadon halitta

A ranar suna, tun kafin a raba goro, ƴan uwa kan fara duban fuskar jariri: hancin nan na wa ne, hasken fatar daga wane dangi? Galibi raha ce. Amma mun san gidajen da wannan tambaya ta zama zato, zaton ya zama gaba, har aure ya mutu. Ilimin gadon halitta yana da abin faɗi a nan, kuma lissafinsa ba shi da wuya.

A cikin ƙwayoyin jikinmu akwai wasu zaruruwa da ake kira kuromosom, su ne ke ɗauke da DNA, wanda a Faransanci ake ce wa ADN. Guda 46 ne, a jere biyu-biyu: 23 daga uwa, 23 daga uba. Idan mutum zai haihu, rabi kaɗai yake bai wa ɗansa, wato ɗaya daga kowane biyu, ko wanda ya gada daga mahaifiyarsa ko na mahaifinsa. Zaɓi biyu ke nan, sau 23. Mu ninka: 2, 4, 8, 16, har ninki na 23, sai mu samu 8,388,608. Wannan na uba ne shi kaɗai. Uwa ma tana da irin wannan adadi. Idan aka buga nasa da nata, miji ɗaya da mata ɗaya suna iya samun haɗi dabam-dabam fiye da miliyan sau miliyan 70. Mutanen duniya sun kai biliyan 8 a shekarar 2022. Adadin nan ya ninka su fiye da sau 8,000.

Ko wannan ma ƙarancinsa ne, domin kafin rabon, zaruruwan kan yi musanyar gutsattsari a tsakaninsu, kuma kowane jariri yana zuwa da ƴan sauye-sauye sababbi waɗanda babu su ga iyayensa. Shi ya sa, in ban da tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya, ba a samun ƴaƴa biyu masu gado iri ɗaya. Siffar kaka na iya ɓoyuwa ga ɗa, ta bayyana ga jika.

Buhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da ya zo wa Manzon Allah (SAW) da shakka, saboda ɗansa ya fi shi duhun fata. Sai aka tambaye shi launin raƙumansa. Ya amsa cewa jajaye ne, amma akwai mai ruwan toka, kuma da bakinsa ya danganta hakan ga asalin kakanni. Aka nuna masa cewa ɗansa ma haka zai iya kasancewa, ba a ba shi damar kore yaron ba.

Saboda haka, ya ku iyaye maza da surukai, rashin kama ba hujja ba ce. Kada mu zubar da mutuncin uwa, mu jefa yaro cikin maraicin dole, a kan launi ko siffar hanci. Allah Ya shirya mana zuriya, amin.