Faffaɗar Taya A Hanyar Agadas Zuwa Arlit: Ado Ce Ko Ɗaukar Kasada?

Duk wanda ke safara tsakanin Agadas, Cirozerin da Arlit ya san cewa rabin ribarsa a ƙafar mota take. Hanyar uraniyom da aka shimfiɗa daga Tawa zuwa Arlit a ƙarshen shekarun 1970 ta daɗe da farfashewa, har a wurare da dama direbobi kan bar kwaltar su bi gefe cikin rairayi da tsakuwa. To a irin wannan hanya ce wani yayi ya shigo, inda masu Hilux da Land Cruiser ke cire tayar da mota ta zo da ita su ɗaura mai faɗi, wai don kada su kafe.

Abin da ya sa na ɗauko maganar shi ne wata baiwar Allah mai sarin tumatir da ta bugo waya a shirinmu na rediyo, ta ce tayar motar da ta hau ta fashe da rana tsaka, kafin a samo wata kayanta sun narke a kwando. Mai motar kuwa bai daɗe da sa sababbin tayoyi masu faɗi ba, har yana alfahari da su a tasha.

Mutane na ɗauka faɗin taya ne ke hana mota nutsewa, alhali kuwa iska ce. Idan nauyi ɗaya ne kuma iska ɗaya ce, girman wurin da taya ke takawa a ƙasa kusan ɗaya ne, ko siririya ce ko faffaɗa. Tsofaffin direbobin Abzin sun san haka tun tuni, shi ya sa in sun iso bakin ƙorama ko tudun rairayi sukan sauko su rage iska, sai tayar ta miƙe ta yi tsawo a ƙasa kamar tafin raƙumi, ta wuce. Doguwar siririyar taya mai lamba 7.50 R16 da aka sani a Land Cruiser ta dace da wannan dabara ƙwarai. Ita kuwa mai faɗi, tarin rairayi take turawa a gabanta, inji ya wahala, mai ya ƙone. Kuɗin man nan kuma daga ƙarshe a kan buhun albasarki za a ɗora shi, Hajiya.

Ba nan abin ya tsaya ba. Kowace mota da iyakar filin da aka bar wa taya a ƙarƙashinta. In an yi lodi har sama, kamar yadda aka saba ranar kasuwa, mota ta zauna, sai faffaɗar taya ta riƙa gugar jikin mota ko sifirin duk lokacin da aka faɗa rami, a hankali gefenta ya yanke. Wasu makanikai kan sa ƙarfe tsakani su turo tayar waje don ta daina guga, wannan kuma ƙarin nauyi ne a kan boris da notuna. Mafi muni shi ne a sa manya a baya a bar ƙanana a gaba a motar da ke ja da ƙafa huɗu, domin da zarar an sa ta a huɗun ƙafafun ba za su juya daidai ba, akwatin giya ne zai biya bashin.

Akwai ma wasu motocin da tayoyinsu na baya ke juyawa tare da sitiyari. Kamfanin Honda ya fito da irin wannan a motar Prelude a 1987, Mercedes kuma a 2020 ya fito da S-Class wadda ƙafafunta na baya ke iya karkata har digiri 10. A tafiyar hankali na bayan kan juya saɓanin na gaba don a sha kwana a ƙaramin fili, a gudu kuma su bi gefe ɗaya da su. Irin waɗannan ba na hanyarmu ba ne, amma alhazan da ke sayensu a Yamai su sani cewa tayar da ke juyawa tana buƙatar fili, kuma kwamfutar motar da girman tayar asali aka daidaita ta.

Ga mai biyan kuɗin lodi, ba sai kin zama makanike ba kafin ki duba abu biyu a jikin taya. Na farko lambar nauyi, wadda ke bin lambar girma: 112 na nufin taya ɗaya na ɗaukar kilo 1,120, ita kuma 121 kilo 1,450. Sau da yawa faffaɗar taya ta gwanjo ta ƙaramar motar birni ce, faɗi gare ta amma ba ƙarfi, kuma gefenta bai jure duwatsun hanyar Tabelot da Timiya. Na biyu ranar ƙira, lambobi huɗu ne a ƙarshen layin da ya fara da DOT. In kin ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019 ke nan, ko da kuwa zanenta na sheƙi kamar sabuwa. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba, balle a zafin bazarar Arlit.

Sai kuma maganar famfo, wadda ni a ganina ta fi duk sauran. Direban da ya rage iska a rairayi dole ne ya mayar da ita kafin ya hau kwalta, in ba haka ba tayar za ta riƙa lanƙwashewa tana ɗaukar zafi har ta fashe. Saboda haka kafin a ɗora miki kwando a tashar Cirozerin, tambayi yaron mota ya nuna miki famfo da safaya, ki kuma ga cewa girman safayar ɗaya ne da na sauran huɗun.