Maganaɗisun gaske ko gauraye? Yadda masana ke binciken manganis a cikin kiristal

Wayar hannu da kwamfuta sun dogara ne kan abubuwa biyu da ba su cika haɗuwa ba: semikondakta irin su silikon, da ke sarrafa bayanai ta hanyar buɗe wa lantarki hanya ko rufe ta, da kuma maganaɗisu, wanda aka daɗe ana adana bayanai da shi. Burin masana kimiyya shi ne samun abu guda mai yin aikin biyu, domin a ƙera na'urori masu sauri da ba sa shan batir.

Ɗaya daga cikin wuraren da aka nemi wannan abu shi ne dangin kalkofirait. Asalin sunan na wani dutse ne mai ruwan zinariya da ya ƙunshi jan ƙarfe da baƙin ƙarfe da farar wuta, kuma daga gare shi ake samun mafi yawan jan ƙarfen duniya. Masana suna haɗa wasu kiristal a ɗakin gwaji bisa irin jerin ƙwayoyin zarrarsa, har ma ana yin wasu faifan sola da ɗaya daga cikinsu. Su kansu ba maganaɗisu ba ne, sai dai a cusa musu ɗan sinadarin manganis.

A shekarar 2000, Gennadiy Medvedkin da abokan aikinsa a wata jami'a da ke Tokiyo suka ba da rahoton cewa kiristal ɗin kadmiyam da jamaniyam da fosfaras da aka sa wa manganis ya riƙe maganaɗisunsa har zuwa kusan digiri 47 a ma'aunin Salshiyas. Labarin ya ja hankali, ganin cewa galiyam asanayid mai manganis, wanda aka fi sa wa rai a lokacin, ba ya zama maganaɗisu sai an sanyaya shi ƙasa da sifiri da digiri fiye da 160. Na'urar da sai a irin wannan sanyi take aiki ba ta da kasuwa.

To amma daga ina maganaɗisun ya fito? Idan manganis ya watsu ƙwaya-ƙwaya a cikin jerin kiristal ɗin, an yi dace. Idan kuwa ya dunƙule da fosfaras ya zama wasu 'yan gudaje, to tamkar an zuba garin ƙarfe ne a cikin gero: mayen ƙarfe zai ja, amma ba geron yake ja ba.

A nan ne awon amsawar maganaɗisu ya shigo, wato ɗan'uwan na'urar MRI ta asibiti. Yevgeny Zavoisky ne ya gano nau'in da ake kira EPR a birnin Kazan a 1944. Ana sanya samfurin a tsakanin manyan maganaɗisu, a haska shi da igiyar maikirowef, sannan a riƙa ƙara ƙarfin maganaɗisun a hankali har a kai inda ilektiron ɗin cikinsa za su shanye igiyar. Manganis yana da tambarin da ba ya ɓuya: saboda yanayin cibiyar ƙwayar zarrarsa, alamarsa kan rabu gida shida. Tazarar da ke tsakanin layukan tana nuna irin ɗaurin da ke tsakaninsa da maƙwabtansa, kuma idan aka juya kiristal ɗin, yadda layukan ke gusawa yana bayyana gurbin da ya zauna. Idan ƙwayoyin sun cunkushe wuri guda, sai layukan su narke su koma faffaɗan layi ɗaya.

Gurbin ba ƙaramin al'amari ba ne. Manganis da ya maye gurbin kadmiyam ko zinki ba ya ƙara wa kiristal masu ɗaukar lantarki. Wanda ya zauna a gurbin jamaniyam shi ne ke samar da su, kuma lissafin masana ya nuna su ake buƙata kafin ƙwayoyin su fuskanci ɓangare guda.

A 2003 wasu masana a Koriya ta Kudu suka auna kiristal ɗin zinki da jamaniyam da fosfaras mai manganis da ɗaya nau'in awon, NMR, wanda ke sauraron cibiyar ƙwayar zarra. Alamar da suka samu ta gudajen manganis da fosfaras ce, haɗin da dama can maganaɗisu ne har zuwa kusan digiri 18. Sakamakon na samfurin da suka gwada ne, bai rushe dukkan fagen ba, amma ya rage ɗokin da aka yi ƙwarai, kuma har yau babu wayar da ke kasuwa da ke aiki da irin wannan kiristal.