Na Kama Hanyar Kano da Ƙafa, Ban Bar Kumasi Ba

Ranar da likita ya ce hawan jinina ya yi yawa, sai ya tambaye ni yaushe rabona da tafiyar rabin sa'a a ƙafa. Na yi shiru. Shekara goma sha bakwai ina zaune a shagon atamfa a Kejetia, daga tarotaro sai kujera, daga kujera sai tarotaro. Ya rubuta mini magani, ya ce in riƙa tafiya aƙalla minti 150 a mako.

Na gwada sau biyu na watsar. Tafiya ba inda za ka, gaskiya tana da gundura.

Ƙaramar 'yata ce ta kawo dabara. Ta sha jin ina ba da labarin kakana, bafatake, wanda ya yi safarar goro daga Salaga zuwa Kano a ayari, da jakuna, wata da watanni a hanya. Ta ce, "To Baba, kai ma ka bi sawunsa mana." Yayanta ya duba taswira, ya ƙiyasta kimanin kilomita 1,200. Daga gidanmu a Aboabo zuwa kasuwa da dawowa ya kusa kilomita biyar. Suka zana hanyar a bayan wata tsohuwar kalanda: Salaga, Yendi, Sansanne Mango, Djougou, Nikki, a haye Kwara, sai ƙasar Hausa. Duk Juma'a da daddare ita ke karɓar wayata, ta tara abin da na taka, ta matsar da fil.

Ƙafa ba ta ba ni wahala kamar idon mutane ba. A makon farko, mutum uku suka tsayar da mota za su rage mini hanya. Wani maƙwabcina a kasuwa ya ja ni gefe, ya sassauta murya: "Alhaji, in jari ne ya taɓu, ka faɗa mini, ba a ɓoye wa ɗan'uwa." Kun san halinmu a zango, babban mutum ba ya tafiya a ƙasa sai in abu ya lalace. Na daina dogon bayani. Duk wanda ya tambaya, sai in ce Kano za ni.

Silifas na fara da su, gwiwa ta kumbura, dole na sayi kambas. Da azumi na mayar da tafiyar bayan tarawi, na rage ta.

Inda na kusa karyewa shi ne damina. A watan Yuni ruwa ya yi ta zuba, na samu hujja. Kwana uku suka zama mako uku, fil yana kafe a Mango. Da ma Kano nake hange, ga ta can nesa, sai zuciya ta ce me kilomita biyar za ta rage? Wani dare yarinyar ta tsaya gaban kalanda, ta ce, "Baba, madugu ya yi aure a Mango ne?" Uwarta ta yi dariya har da hawaye. Washegari bayan asuba na ɗauki lema na fita.

Tun daga nan na daina kallon Kano. Zango na gaba kawai nake nema, kuma in na isa gari, akwai tsire ga kowa a gida, ni yanka biyu, don likita ya hana. Ranar da na kasa fita ba na ramawa, ba na kuma ƙarya a lissafi.

Yanzu wata takwas ke nan. Maganin ina sha, ban daina ba, amma awon ya sauko, kuma ina hawa bene ba tare da na dafa bango ba. Maƙwabcin nan da ya yi mini tayin jari yanzu tare muke dawowa da yamma, shi yana can baya wajen Yendi. Ni kuwa Juma'ar da ta wuce na haye Kwara.