"Ai" da "mana": ƙananan kalmomin da ke sa a ce ka raina mutum

Da yawa daga cikin manya masu otizim (wasu na cewa galahanga) kai tsaye suke magana, ba kwana-kwana. Ba girman kai ba ne. Karanta fuska da sautin murya ne ke ba su wuya, sai a ofis a fara cewa "wane yana ji da kansa."

Ga mai irin wannan hali, ba sai ka ɓoye gaskiya ba. Duba waɗannan:

"Lissafin nan ba daidai ba ne."
"Ai lissafin nan ba daidai ba ne."

Ta farko bayani ce kawai. Ta biyu kuwa, "ai" ɗin nan na nuna abu ne da ya kamata mutum ya sani tuntuni. A nan rainin yake shigowa. Haka "mana": "Duba mana!" na ɗauke da ƙosawa. "Ka gane ko?" a ƙarshen kowace jimla ma, ni dai ina ganin ta fi su ciwo.

Maimakon "Gyara," ka ce "Don Allah ɗan gyara layi na uku," ko "A duba layi na uku." Wannan "a" ɗin ba ya nuna kowa da yatsa. Babba kuma a ce masa "ku", bayan gaisuwa.

Kai kuma abokin aikinsa, in ya ce "ba daidai ba ne," lissafin yake nufi, ba kai ba.