Jiki ya shanye, hankali na nan: inda binciken likitoci ya kai

Mun saba jin shanyewar ɓarin jiki, amma akwai wani nau'in da ya fi tsanani. Can ƙasan ƙwaƙwalwa, wajen ƙeya, akwai wata gaɓa da ke haɗa ta da laka, likitoci na ce mata tushen ƙwaƙwalwa. Duk umarnin da ƙwaƙwalwa ke aika wa hannu da ƙafa da harshe ta nan yake bi. In jijiyar jinin wurin ta toshe ko ta fashe, mutum na iya rasa motsi da magana baki ɗaya, sai idanu kawai. Amma yana ji, yana ganewa, yana tunani.

Haka ya faru da ɗan jaridar Faransa Jean-Dominique Bauby a 1995. Da ƙifta idonsa na hagu ya rubuta littafi sukutum: ana karanto masa haruffa, in an zo kan wanda yake so sai ya ƙifta.

To, masu bincike suka ce tunda ƙwaƙwalwa na ba da umarni, hanya ce ta yanke, me zai hana a kewaye? A Amurka, ƙarƙashin gwajin BrainGate, an dasa wa wata mata wata ƴar na'ura da ba ta kai ƙwayar wake ba, a sashen ƙwaƙwalwar da ke kula da motsi. Na'urar na ɗaukar saƙon, kwamfuta ta fassara shi. A 2012 aka bayyana sakamakon: matar, bayan kusan shekara 15 ba ta motsa hannu, ta sarrafa hannun ƙarfe da tunaninta, ta ɗauki kwalbar kofi ta kai baki ta sha.

A 2023 kuma, aka bayyana cewa ayarin Dakta Edward Chang na jami'ar Kaliforniya a San Faransisko ya shimfiɗa wa wata mata siririn faifai mai ƙananan wayoyi 253 a saman ƙwaƙwalwa. Shekararta 18 ba ta magana. In ta yi yunƙurin furta kalma, kwamfuta na rubutawa, har kalma 78 a minti guda. Muryar da na'urar ke fitarwa, daga faifan jawabinta na ranar aurenta aka kwaikwayo ta.

Sai dai mu faɗi gaskiya, duk wannan gwaji ne kan mutane ƙalilan. Sai an yi tiyatar kai, na'urar na kuskuren kalmomi, kuma ba ta warkar da shanyewar.

Abin da ke hannunmu a nan gida shi ne mu riƙa auna hawan jini, don shi ne babban mai jawo wannan cuta. Wanda jiri ya ɗiba farat ɗaya, yana gani biyu-biyu, harshe ya yi nauyi, ko haɗiya ta gagara, a garzaya da shi asibiti, kar a ce bari gari ya waye.

In kuwa muna jinyar wanda ya kwanta ba magana, kar mu yi zancensa a gabansa kamar ba ya nan. Mu gwada tambayarsa: ƙifta ɗaya "i", ƙifta biyu "a'a". Wataƙila ya daɗe yana jiran wanda zai tambaye shi.