Kaburburan Madarunfa da na Fir'aunonin Masar: abin da ya kamata mai ziyara ya sani

Kilomita 20 da 'yan kai kudu da birnin Maraɗi, kafin a isa iyakar Najeriya, akwai tabkin Madarunfa. Idan damina ta yi kyau ya cika ya batse, faɗinsa kan kai kusan hekta 800. A kewayensa ne ake da kaburburan da aka fi sani da na waliyyai 99. Tun shekarar 2006 Nijar ta miƙa wa hukumar UNESCO sunan wurin, aka haɗa abu uku a takarda ɗaya: dajin gwamnati, tabkin, da kaburburan.

A nan mutane kan yi kuskure. Za ku ji ana cewa Madarunfa ta shiga jerin wuraren tarihi na duniya. Ba ta shiga ba tukuna. Tana cikin jerin jiran tsammani ne, wato wuraren da ƙasa ta ce tana da niyyar neman a amince da su. Waɗanda Nijar ta samu aka amince da su uku ne: Ayar da Tenere a 1991, gandun dajin W a 1996, sai tsohon garin Agadas a 2013. Kafin wuri ya haye, sai an shata iyakarsa, an rubuta tarihinsa, an kuma nuna wanda zai kula da shi da kuɗin da zai yi hakan. Wannan aikin ne ke gaban Madarunfa.

Wanda ya saba ganin kaburburan Masar a talabijin, gara ya rage buri kafin ya zo. A Giza, dalar Fir'auna Kufu ta yi shekara kusan 4,500 a tsaye. A Kwarin Sarakuna, hayin kogin Nilu daura da Luksor, an sassaƙa kaburbura fiye da 60 a cikin dutse, wasunsu bangonsu cike da zane mai launi. A can ne Baturen Ingila Howard Carter ya gano kabarin Tutankamun a watan Nuwamban 1922, da kayan zinariyarsa kusan yadda aka bar su. A Madarunfa babu zinariya, babu zane. Ƙasa ce da inuwar itace da mai nuna muku wurin. Kuma kada ku sa rai za a jera muku 99 cif ku ƙirga. Ba duka ake iya nuna wa baƙo ba.

Amma fa akwai abin da Madarunfa ta fi Luksor da shi. Addinin Fir'aunoni ya mutu tun tuni, babu mai zuwa yi wa Fir'auna Ramsis addu'a. Kabarinsa ya zama gidan kallo: ku sayi tikiti, ku bi layi, ku ɗauki hoto, ku fito. Kaburburan Madarunfa kuwa suna da masu su. Ana zuwa daga garuruwan Nijar da arewacin Najeriya, ba don kallo ba, don ziyara, kamar yadda ake zuwa Hubbaren Shehu a Sakkwato ko kabarin Wali Ɗan Marina a Katsina. Saboda haka ladabin wurin daban ne. Za ku yi sallama, ku nemi iznin mai kula da wurin, ku cire takalmi inda aka ce a cire. Ba a taka kabari, ba a zama a kansa, ba a ɗaga murya. Idan kun tarar da wata baiwar Allah ta ɗaga hannu tana roƙo, ku mayar da waya aljihu. Ba ta zo don ta shiga Facebook ɗinku ba. Ɗan abin sadaka ga mai kula da wurin al'ada ce, ba kuɗin ƙofa ba ne, don haka ba a ciniki.

Maganar saɓanin malamai ba ɓoyayya ba ce, balle a Maraɗi inda 'yan ɗariƙa da 'yan Izala ke zaune unguwa ɗaya. Kowa ya yarda ziyarar maƙabarta don tuna lahira da yi wa mamata addu'a sunna ce. Inda aka rabu shi ne neman tubarraki da kamun ƙafa da waliyyi. Baƙo ba alƙali ba ne a wannan shari'a. Abin da ya faru a Tumbutu ya isa ishara: a 2012 masu ɗauke da makamai suka rushe hubbarorin waliyyan garin, a 2016 kotun duniya ta Heg ta yanke wa Ahmad al-Faƙi al-Mahdi ɗaurin shekara 9 a kan haka.

Ga mai niyyar zuwa Masar kuma, ga 'yan abubuwa. Ku tafi tsakanin Nuwamba da Fabrairu, domin zafin Luksor a bazara ya kan haura digiri 40, kuma cikin kabari iska ba ta yawo. Tikitin Kwarin Sarakuna na kabari uku ne kawai, na Tutankamun kuɗinsa daban. Ba kullum ake buɗe dukkansu ba, ana hutar da wasu, saboda numfashi da gumin jama'a na lalata zanen bango. Shi ya sa ma aka gina kwafin kabarin Tutankamun a kusa, aka buɗe shi a 2014. Kuma in kun isa Alƙahira kada ku tsaya ga dala kaɗai. A can kabarin Imamu Shafi'i yake, da na Jalaluddin Suyuɗi wanda ya rasu a 1505. Suyuɗi ba baƙo ba ne gare mu: ya rubuto wasiƙar nasiha ga sarakunan Katsina da Agadas na zamaninsa, kuma har gobe sarautar Maraɗi sunanta Sarkin Katsina, tun da zuriyar sarakunan Haɓe na Katsina suka kafa ta bayan jihadin Shehu.

Yawan baƙi ma wata cuta ce. Birnin Benis na Italiya, wanda kwale-kwale ne motarsa, ya cika da 'yan kallo har mazauna tsohon garin suka ragu ƙasa da 50,000. A watan Afrilun 2024 hukumar birnin ta fara karɓar Yuro 5, jika uku da 'yan kai ke nan a kuɗin sefa, daga masu shigowa yini ɗaya a ranakun cunkoso.

Madarunfa ba ta da wannan damuwa. Nata matsalolin biyu ne, kuma na farko tsaro ne. Shekarun nan ƙauyukan kan iyaka sun sha fama da ɓarayin shanu da masu satar mutane. Ku tambayi mutanen gari halin da hanya take ciki kafin ku tashi daga tasha, ku je da rana ku dawo da rana. Bayan damina, lokacin da sanyi ya fara shigowa, shi ne lokacin zuwa: tabki a cike, masunta na fito da tarwaɗa da karfasa, tsuntsayen ruwa sun sauka a bakin gaɓa.

Na biyu shi ne ruwan kansa. Tabkin ya dogara ne da Gulbin Gabi da Gulbin Maraɗi, waɗanda duk daga Najeriya suke gangarowa, kuma damina kaɗai suke gudu. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Jibiya a jihar Katsina, ruwan da ke ƙetarowa ta Gulbin Maraɗi ya dogara da yadda aka sake shi daga can. Ga yashi da ke cike tabkin sannu a hankali, ga gonaki na matsowa, ga gatari na cin daji. A ƙarshen 2019 an sa tabkin cikin jerin Ramsar, yarjejeniyar duniya ta kare wuraren dausayi, wadda ta ɗora wa gwamnati alhakin kula da shi. Hanyar jirgin ƙasa ta Kano zuwa Maraɗi, wadda aka ƙaddamar da aikinta a watan Fabrairun 2021, ta Katsina da Jibiya za ta biyo. Ranar da ta fara aiki, Bakano zai iya karyawa a gida ya yi la'asar a bakin tabkin, kuma masu kula da kaburburan za su ga baƙin da ba su saba gani ba.